Aikin ƙafar Hilux ɗina, rana da rana

Asabar, 20 ga Afrilu 2024

Toh bismillah. Wannan karon duk abin da aka taɓa a ƙafar motar nan sai na rubuta shi da ranar da aka yi, don wancan karon ban rubuta komai ba, yanzu in aka tambaye ni yaushe aka sa shokan baya sai dai in ce wajen bikin ƙanwata ne. Motar Hilux ce Vigo ta 2012 mai ƙofa huɗu, fetur 2.7, fowil, wato mai ja da taya huɗu. Gaba kwayil ne, wato sifirin mai murɗe, zagaye da shoka, baya kuma sifirin mai falle-falle. Aikinta daga Daura zuwa gona can gefen Baure, kwalta kaɗan, sai burji mai gargada, sai rairayi inda amalanke da tifa suka haƙa layi biyu suka bar tudu a tsakiya, kuma wannan tudun shi ne abokin gabata don kullum sai cikin motar ya goge shi.

Bara na yi irin dabarar da kowa ke yi, na kai wa masu sifirin suka buga shi da guduma ya ɗan miƙe, suka ƙara falle ɗaya, na sa shoka Beljiyam gaba da baya. Wata huɗu ta yi tana taƙama, da aka fara kwasar gero ta koma ta zauna, har ma ta fi da zama. Yanzu buhun taki shida kawai in na ɗora, in na faɗa rami sai ka ji dam, aksul ya daki robar nan ta jikin shasi.

Yau da safe muka kai ta inda simintin ya daidaita a gareji, tanki cike, babu kaya, muka auna da tef daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda. A nan ake awo ba daga ƙasa ba, don iskar taya da girmanta ba sa shiga lissafin. Gaba hagu 50.5, gaba dama 52, baya hagu 53, baya dama 54.5, duk santimita. Wato ta karkace wajen direba, ba mamaki, ni ina can, tankin mai ma yana can. Bakanikena ya leƙa ƙasa ya fito yana karkaɗe wando ya ce, Alhaji ƙafar nan ta gaji, in ka sake kai ta a buga kuɗinka ka buga. Na ce Oga ai na ji a jikina.

Laraba, 24 ga Afrilu

Na shiga Kano ta Kazaure, na wuni a Kofar Ruwa da wasu shaguna biyu na masu kawo kayan fowil. Kai, ido ya sha kallo. Akwai kwali mai sunan kamfani babba wanda kana ɗaga shokan ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, waldar gindinsa kamar yaro ya yi, wannan ko kyauta ba na so. Na gaskiyar kuma yawanci babu a ƙasa, sai dai a nuna maka a waya a ce za a yi oda daga Legas ko Dubai. Sunayen da suka yi ta dawowa su ne Old Man Emu na kamfanin ARB, da Ironman 4x4, da Dobinsons, da Tough Dog, duk 'yan Ostareliya ne, can ne Hilux ke shan irin wahalar da take sha a nan. Sai Bilstein na Jamus, sai KYB na Japan in mutum tsayin kamfani kawai yake so ya mayar ba ɗagawa ba.

Abin da na ƙaru da shi yau, wanda da ina cakuɗa su: sifirin shi ke ɗaukar nauyi kuma shi ke ba mota tsayi, shoka aikinsa ya hana sifirin ɗin ci gaba da lilo bayan an wuce rami. Don haka motar da ta zauna, ko shokan miliyan ka sa mata ba za ta tashi ba. Shokan kuma iri biyu ne babba. Akwai mai bututu ɗaya, mai da gas a raba su da fistin, yana saurin huce zafi amma in dutse ya loɓa jikinsa an gama don cikin wannan bututun fistin ke tafiya. Akwai mai bututu biyu, na waje yana kare na ciki, ya fi haƙuri da duka amma ya fi riƙe zafi, in man ya yi zafi ya yi kumfa sai shokan ya saki, shi ya sa a burji mai tsawo za ka ji mota ta fara lafiya bayan rabin awa ta koma kamar kwale-kwale. Wasu masu bututu biyun suna sa soso na musamman a ciki maimakon gas don rage kumfar, irinsa na zaɓa, mai kauri, na gaban kuma da zare a jikinsa inda kwayil ke zama, ana iya murɗawa a ƙara tsayi ko a rage. Ba zan faɗi na wane kamfani ba ne, ba talla aka biya ni ba.

Ɗagawa inci 2 kawai, wajen santimita 5. Wani yaro a shagon yana ta zuga ni wai in yi inci 3 ko 4 motar ta yi kwarjini, na ce ƙanena kwarjinin nan shaf ɗin gaba, sandar da ke juya taya, shi zai biya shi. Gaban Vigo ba aksul ɗaya ba ne irin na tsohuwar Hilux ko Land Cruiser 79, kowace taya da hannunta, in ka wuce inci 2 sai ka shiga canza ofa am, wato hannun sama, da sauke difar gaba, inda shaf ɗin ke fitowa, da sauran hidima.

Inda muka daɗe shi ne sifirin baya. Suna da mai ɗaukar kaya sama-sama, da wanda aka yi don kilo 300 kullum a kai, da na kilo 600 kullum a kai. Mai shagon ya tambaye ni, Alhaji me kake ɗauka? Ni kuma na tuna kaka, buhun gero da wake da riɗi, na ce ba ni babban. Ya sake cewa kullum fa? Na ce kullum. Allah na tuba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Shiru kaya ba su iso ba. Dalar da ta sauko a watan jiya ta sake hawa, mutumin ya kira wai sai na cika wani abu, muka yi ta ja har muka raba bambancin biyu. Na sayi sabbin bushin, wato robobin mahaɗa, da yubol masu ɗaure sifirin da aksul, da shakul mai wurin girisi, wanda ke rataye ƙarshen sifirin a shasi, tun da ana jira. Yubol ba a maimaita tsoho, ya riga ya miƙe.

Asabar, 18 ga Mayu

An ɗaura. Tun ƙarfe 8 muke gareji sai bayan la'asar muka gama, zafin Mayun nan kuma ba a magana, ruwan leda kaɗai na sayi ya fi jaka biyu.

Baya bai ba da wahala ba sai ƙusar gaban sifirin hagu da ta ci tsatsa ta manne da bushin, sai da aka yanka ta. Gaba ne aka yi drama. Yaran garejin sun so su danne kwayil da jak da nauyin mota irin yadda suka saba, na ce a'a wallahi, kwayil ɗin nan ya fi na kamfani ƙarfi nesa ba kusa ba, in ya kuɓuce haƙoran mutum zai kwashe, aka aika aka aro abin matse kwayil na gaske wajen wani mai gyaran manyan motoci. Sai wani abu da na nace a kai har Oga ya fara jin haushina: kada a ɗaure notin bushin tamau mota tana rataye a jak. A sa su sako-sako, a sauke ta ta tsaya da ƙafarta, a girgiza ta, sannan a ɗaure. In an ɗaure tana sama, da an sauke robar ta murɗe ke nan kuma a murɗe za ta zauna har ta yage, wata uku ka ji ƙiiƙii ka ce kayan ne jabu. Oga ya ce, Alhaji shekara ashirin ina wannan aikin. Na ce na sani Oga, yi mani haƙuri dai a yi hakan. Ya yi, yana ƙunƙuni.

Awo bayan mun zaga gari mun dawo: gaba hagu 57, dama 58, baya hagu 63.5, dama 64. Bayan ya tashi da yawa, ta yi goho kamar akuya na cin ƙasa, amma an ce sabon sifirin yana ɗan kwanciya in ya ga kaya. Na hagun gaba mun bar shi tukuna, sai ya zauna a gyara gaba ɗaya. Abu ɗaya da ya kamata mai shirin yin wannan ya sani, tukunyar aksul ta baya tana nan inda take, ko santimita ɗaya ba ta ƙaru daga ƙasa ba. Bodi da shasi ne suka tashi. Tukunyar nan taya ce kawai ke ɗaga ta, ni kuma 265/70R16 ɗina na nan da sauran rai, ba yanzu ba.

Litinin, 20 ga Mayu

Hmm. An zo wurin.

Na ɗauki Hajiya zuwa gaisuwar rasuwa a Zango, babu komai a baya sai tabarma da kula. Kwalta lafiya lau, har ina jin daɗi, motar ta daina wannan sunkuyon in na taka birki. Muna sauka burji sai bayan motar ya fara tsalle kamar an ɗaure jaki a amalanke babu kaya, kowane ɗan tudu sai ya taso mu, Hajiya tana baya ta riƙe kujera da hannu biyu tana salati, can ta ce, kai ɗan nan, gyaran ne aka yi ko ɓatawa? Ka sauke ni in hau mashin ya fi mani. Na ce Hajiya yi haƙuri sabo ne. Ta ce sabon me, ƙashin bayana dai ba sabo ba ne.

Da na dawo na tsaya wajen mai faci na sa geji, tayoyin baya 52, na gaba 48. Ashe ranar Asabar yaron da ya mayar da tayoyin ya kai an ƙara masu iska da ido. Na sauke su zuwa 32 duka, an samu sauƙi sosai, kusan rabin dukan ya tafi. Amma sauran rabin na sani nawa ne. Sifirin kilo 600 na saya, motar kuma in na faɗi gaskiya wata tara a shekara abin da ke bayanta bai wuce safaya da jarka biyu da buhu biyu uku ba, ko kilo 200 bai kai ba. Na yi wa wata uku sayayya na manta da tara. Mai shagon har sau biyu ya tambaye ni.

Na wucin gadi na cika buhu huɗu da yashi na jera su daidai kan aksul, nan take ta yi laushi. Maƙwabcina ya leƙo ya ce Alhaji gini za a fara? Na ce eh, ginin hankali.

Alhamis, 23 ga Mayu

Katsina, alaimen. A hanya ta Mashi, wajen kilomita 80 ɗin nan, na lura sitiyari ya yi sakwal, in na sha kwana ba ya dawowa tsakiya da kansa kamar da, kuma in na wuce 100 sai ta riƙa yawo ina kamo ta. Mai na'urar ya nuna mani a kwamfuta, ɗagawar ta cinye kasta, wato ɗan kwanciyar da ƙafar gaba ke yi baya wanda shi ke sa mota ta riƙe hanya, kamba, wato karkatar taya ciki ko waje, ita ma ta gudu, tayoyin kuma sun buɗe. A Vigo ana gyara kasta da kamba ne da ƙusoshin lowa am, wato hannun ƙasa, masu faranti a karkace, guda biyu kowane gefe. Uku sun juya, ta huɗu ta ƙi ko motsi, ta manne cikin bushin, irin ciwon motocin nan ne. Awa biyu ana fesa mai ana duka, ƙarshe aka yanka, na shiga gari neman wata, Allah ya taimaka na samu. Sabuwar sai da na sa aka shafe ta da girisi kafin a zura.

Kafin a hau na'urar na sa an daidaita hagun gaba, don in ka taɓa tsayi bayan alaimen ka ɓata alaimen ɗin. A nan ma akwai lissafi: shokan ba a bakin taya yake zaune ba, yana wajen tsakiyar lowa am, don haka abin da ka ƙara a zaren yana fitowa kusan ninki biyu a fenda. Santimita 1 muke nema, muka ƙara rabin santimita a zaren, bayan an ciro shi an matse kwayil, ba a murɗa shi da nauyi a kai. Ya fito 57.5 da 57.5, don daman ya riga ya kwanta kaɗan. Mun kuma ɗaga ta a jak muka auna yadda tayar ke saukowa, akwai wajen santimita 7 tsakanin tsayuwarta da inda ta ƙare. Wannan ma abin dubawa ne, masu cusa sifesa mai kauri a saman shoka abin da suke cinyewa ke nan, mota ta yi tsayi amma taya ba ta da inda za ta sauka in ta tarar da rami, sai ka ji ƙwas a sama.

Dawowa ta riƙe hanya, ba kamar ta kamfani sak ba amma na yarda da ita. Da dare kuma duk wanda muka haɗu sai ya yi mani fitila, ashe saitin fitilun ma ya tashi, gobe za a gyara.

Lahadi, 9 ga Yuni

Kasuwar Mai'adua, saura mako ɗaya babbar sallah, ba masaka tsinke. Na ɗauko raguna biyar, namu da na 'yan uwa, da buhun dusa uku da yara biyu masu riƙe su. Yau ne na ga amfanin abin da na saya, wlh kamar an shimfiɗa katifa, ta zauna daidai, ba duka ba lilo.

Amma fitowa daga kasuwar wani mai mashin ya yanko gabana na taka birki da ƙarfi, sai na ji gaba ne kawai ke kamawa, ta yi nisa kafin ta tsaya, Allah ya kiyaye ban taɓa shi ba. Na kira Oga ina faɗa, ya yi shiru ya ce, Alhaji bawul ɗin baya, mun manta da shi. Tawa ba ta da ABS, na'urar hana taya ƙamewa in an taka birki, irinsu akwai wani bawul a shasi ta baya da ɗan ƙarfe da ya haɗa shi da aksul, shi ke gane nauyi: in bodi ya sauko ya san an yi lodi sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in bodi ya tashi ya ɗauka babu kaya sai ya rage. To mun ɗaga bodi, ga sifirin da ba ya sauka, shi bawan Allah kullum gani yake motar fayau take ko da raguna biyar. Maganin ɗan ƙarfe ne a ƙara wa inda sandar ke kamawa a aksul tsayi daidai abin da aka ɗaga. Gobe da safe kafin komai. Wannan da na san shi da tun ranar farko za a yi, don ba abin wasa ba ne.

Asabar, 22 ga Yuni

An yi bawul tun 10 ga wata, birki ya dawo. Mun duba tiyon birki na baya ma mota tana rataye, bai ja ba, akwai sauran sako.

Yau kuma na haƙura na cire falle ɗaya kowane gefe. Na kira mai shagon na Kano na ce mashi ya yi gaskiya, ya yi dariya ya ce ba ni ne na farko ba, ya tambayo ya gaya mani wanda ake cirewa a wannan saitin, ba na saman mai ido ba, ba na biyun da ke naɗe da shi ba, ba kuma masu kaurin nan na ƙasa da ke jiran lodi ba, na uku. Aka kama sifirin da kilam, wato abin matsewa, kafin a kwance senta bol, ƙusar tsakiya da ta haɗa fallayen, aka zare, aka sa sabon senta bol, yubol ma na sake sabbi duk da waɗancan wata ɗaya kawai suka yi, Oga ya ce ɓarnar kuɗi ce, wataƙila da gaskiyarsa. Fallayen biyu na shafe su da baƙin mai na naɗe a buhu na ajiye a sito, in kaka ta zo a mayar, aikin awa biyu ne.

Awo yanzu babu yashi: baya hagu 61, dama 61.5, gaba na nan 57.5. Da buhun taki shida, kilo 300 ke nan, baya ya sauko 58.5, ta kwanta daidai da gaba. Sandar bawul an sake rage ta kaɗan tunda tsayin ya canza. Yashin na juye shi a ƙofar gida inda ruwa ke kwanciya.

Talata, 16 ga Yuli

Damina ta zauna, hanyar gona ta zama abin da ta saba zama. Iskar da na tsaya a kai: 32 a kwalta, 26 a burji, in zan shiga rairayi mai zurfi 20, sai dai in na fito dole in lallaɓa har wajen mai faci don ba ni da famfo a mota, shi ne abu na gaba da zan saya. Tudun tsakiyar nan gaba ya daina taɓa shi sam, tukunyar baya kuwa har yanzu tana shafar shi a wuri biyu, na ga sawunta. Jiya bayan burjin nan mai tsawo na tsaya na kai hannu kusa da shokan baya, da zafi amma motar ba ta saki ba, kuma babu yoyo, ɗan dusashin mai ne kawai da ƙura ta manne a kai.

An sake bin yubol da sifana bayan kilomita 500, na dama biyu sun ɗan karɓa. Shakul na ba su girisi duk bayan na ratsa ruwa.

Matsala ɗaya sabuwa: robar shaf ta ciki gefen hagu ta fara tsagewa, na ga girisi ya fantsama a lowa am. Tsohuwa ce dama tun ta kamfani, ga shaf ɗin yanzu ya ɗan ƙara karkata, kuma a wannan motar yana juyawa ne kullum ko ba a sa fowil ba. Na ce a nemo biyu a canza duka kafin yashi ya shiga ya ci joyin ɗin. Oga yana ganin mu rage gaban da rabin santimita, ni ina ganin a sa sabuwar roba tukuna a gani, mun bar shi sai Asabar.

Hajiya ta sake shiga ranar Juma'a zuwa Sandamu. Ba ta ce komai ba har muka je muka dawo, da za ta sauka dai ta tambaya ko an sayar da waccan mai tsallen ne.